Ranar Lallena

Sundus ƙanwata ce, duk da cewa wanda ya gan mu tare ba zai yarda ba. Iyayenta 'yan China ne, Musulmi, maƙwabtanmu a unguwar Al-Azizya, nan ƙasa mai tsarki. Tana wata huɗu suka bar ta wurin mahaifiyata Iyatu suka tafi garin Yanbu, hatsari ya rutsa da su a hanya, suka rasu. Aka nemi dangi aka rasa. Lokacin Iya ba ta yaye ni ba, sai ta haɗa mu a ƙirji ɗaya.

Ta tashi da Hausa ras a bakinta, ga son yaji kamar me. Zane kuwa, bango bai tsira ba, bare littattafaina. Da ta girma ta nemo yadda mutanen ƙasar iyayenta ke zana duwatsu da tawada, ta riƙa gwadawa da dutsen Uhudu. Amma kullum sai ta dasa masa zogalen Iya a gindi, wanda ke cikin gwangwani a saman bene, ta shafa masa launi da ruwan lalle. Na tsokane ta na ce, “Yaushe zogale ya fito a Uhudu?”

Ta ce, “Yaya Tasallah, shi ma kawo shi aka yi, ga shi ya zauna.”

Ranar lallen aurena ita ta zana min hannu. Wata gwaggon angona ta shigo, ta dube ta, ta ce, “Masha Allah, a ina kuka samo wannan 'yar aikin? Ta iya.” Ina son burge dangin miji, na gaji kuma da dogon bayani. Na yi murmushi kawai. Matar ta miƙa mata kofunan shayin da aka ɓata. Sundus ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta kai kofunan kicin, ta dawo ta ƙarasa min hannun hagu, layi ɗaya bai karkace ba.

Shekara shida ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba. Muna gaisawa, amma ba ta taɓa kwana gidana ba, ta daina nuna min zane. Wallahi kunyar ranar ba ta taɓa sakina ba.

Bana aka ba ta wuri ta baje zanenta. Ba ta gayyace ni ba, Iya ce ta tura ni in taya ta ɗaukar kaya. Ina rungume da wani babban allo wata 'yar China ta tsaya tana yaba zogalen da ke jikin zanen. Can ta nuna ni, ta tambayi Sundus da Larabci, “Mai aikinki ce?”

 A raina na ce yau za a rama, kuma na cancanta.

Sundus ko numfashi ba ta ja ba. “Yayata ce,” in ji ta. “Nono ɗaya muka sha.”

Sai ta juyo ta ce min da Hausa, “Kin ga, Yaya? Bayanin ba shi da tsawo.”