Na Zo Ta Huɗu a Kan Dutse

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a Beijin ina aji biyar na sakandare a Panyu, wata unguwa a wani babban birni na kudancin ƙasar Sin, ni kaɗai ce baƙar fata a ƙungiyar gudun dogon zango ta 'yan mata. Baba yana saro tufafi a kasuwar Shahe yana aikawa Kano, gudu kuma a ganinsa aikin wanda kare ya biyo ne. Da ƙyar ya sa hannu a takardar da za a tafi da mu sansanin horo na mako uku, can cikin duwatsun arewacin birnin.

Mu goma sha biyu ne a ɗaki ɗaya, cikin wata makarantar ƙauye da aka yi hutu. Kafin rana ta fito muna kan hanya, ni da dogon wandona da ɗankwalina a ɗaure tam. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba mai kama ni, amma dutse ya kunyata ni. Makon farko kullum ni ce ta ƙarshe, sau biyu na yi amai a gindin gora.

Kocinmu, wata gajeriyar mata mai kaushin murya, ta biyo ni a keke wata safiya.

"Faɗa kike yi da dutsen," in ji ta. "Rage taku. Ƙanana, ƙanana, kamar mai hawa bene."

Na ji haushi, amma na bi. A mako na biyu na daina tsayawa. A na uku na fara jin numfashin wasu a bayana.

Ranar ƙarshe aka yi tseren zaɓe, biyar na farko ne za su wakilci makaranta. A kwanar ƙarshe, inda hawan ya fi tsanani, ina ta shida, ƙirjina kamar zai tsage. Iyayen yara sun jeru suna ihu da Sinanci. Sai na ji Hausa tsagwaronta:

"Uwata, wuce ta! Ki wuce ta mana!"

Baba ne, cikin farin kaftani, hula a hannu. Ashe tun asuba ya baro kasuwa ya hau mota. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na wuce ɗaya, na sake wuce wata dab da layi, na zube a ciyawa.

Ko da na ɗago, Baba yana gaban koci yana ta zuba mata godiya da Sinancinsa na kasuwa, yana kiran ta "laoban", wato mai shago. Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗaga masa yatsu huɗu.

A mota ya kira ƙaninsa a Kano. Ina jin sa yana cewa, "Dutse ne fa, ba tudu ba. Ni da na hau da ƙafa sau uku na zauna." Na jingina kai da taga, na lumshe ido.