Muryar Rumasa'u da Hayaƙin Gwaggo

Wata rana wata baiwar Allah a Funtuwa, sunanta Zinatu, tana tsaka da wanke-wanke sai ta ji wata murya daga ɗaki wadda ba ta taɓa ji a gidanta ba.

Muryar yarinya ce, tar da ita, babu gargada ko ɗaya.

Ta ajiye soso ta leƙa. 'Yarta ce Rumasa'u, 'yar aji uku a firamare, tsaye a kan gado, ta yafa koren ɗankwali, ta ɗaga ludayin miya sama tana zuba magana.

Zinatu ta tsaya tana kallon ikon Allah.

Ku tsaya ku ji dalili. Rumasa'u tana da in'ina mai tsanani. Kafin ta fitar da "ina kwana", wanda take gaisarwa ya kai bakin titi. 'Yan ajinsu Ru-ru suke ce mata. In an aike ta shago, nuni take yi da yatsa.

To akwai wani katun da ake nunawa a tashar yara da yamma, yaran unguwa suna ce masa 'Yan Matan Bakan Gizo. Wasu 'yan makaranta ne, kowacce da launinta. In dodo ya shigo gari sai su ɗaga sanda, su juya, haske ya lulluɓe su, kayansu su canza, su far masa.

Da katun ɗin ya karɓu, masu shi suka ciro dogon fim daga cikinsa, masu fassara suka juya shi Hausa. Baban yarinyar, Tasi'u, ya sa aka tura masa a waya a kasuwa.

A fim ɗin akwai ƙaramarsu mai koren kaya, Tsanwa, matsoraciya ta ƙarshe. Sai da dodo ya kayar da sauran duka, sannan ta tsaya ita kaɗai ta ce masa ba ta gudu, ba ta ɓuya, wanda ya taɓa 'yan'uwanta ita ya taɓa.

Wannan wurin Rumasa'u ta haddace. In ta ari muryar Tsanwa, harshenta sakewa yake yi.

Zinatu uwa ce, ta ga ƙofa ta buɗe, ba ta tsaya tambayar wa ya buɗe ba.

Kullum bayan la'asar sai ta lulluɓa da bargo ta zama dodo. Ta ƙanƙance ido, ta yi gurnani, ta tambayi Tsanwa me ta ci a makaranta, wa ya ɓata mata rai, me take so a dafa gobe.

Yarinya kuma ta riƙa ba da amsa tiryan-tiryan.

A ƙarƙashin bargon nan Zinatu ta fara sanin 'yar da ta haifa. A nan ta ji cewa Rumasa'u ba ta son miyar kuka, duk shekarun nan haɗiya kawai take yi. A nan ta ji akwai wata a aji da take mintsininta don ta san ba za ta iya kai ƙara ba. A ranar, dodo ya yi kuka a cikin bargo, bai bari Tsanwa ta gani ba.

Sannu a hankali aka daina buƙatar ludayi. Sai ɗan koren ƙyalle da Zinatu take ɗaura mata a hannu, a ƙarƙashin hijabi. Ta taɓa shi, ta ja numfashi, magana ta fito.

Malamar ajinsu ta lura, ta yi murna, ta ce Rumasa'u ce za ta yi wa iyaye barka da zuwa a taron ƙarshen shekara ranar Asabar.

Yarinyar da ba ta iya faɗin sunanta, za ta riƙe lasifika a gaban mutane.

Zinatu ta ɓoye wa dangi, tana so abin ya zo musu ba-zata.

Sai ga Gwaggo Tabawa, yayar Tasi'u, ta sauka a gidan za ta ga likitan ido.

Kun san irinsu, kowane dangi da tasu. Ba ta taɓa zama gaban malami ta kai ƙarshen littafi ɗaya ba, amma duk wani bidiyon cire aljanu da ke yawo a waya ta kalle shi har da maimaici. Yaro ya yi firgita a barci, iska ce. Amarya ta rame, sammu ne. In ka ce mata zazzaɓi ne, ta ce kai yaro ne, ba ka san duniya ba.

Ranar Alhamis Zinatu ta tafi suna a wata unguwa. Ta bar Rumasa'u a gida ta yi bitar jawabinta, tunda ga babba a gidan.

Babba. Hmm.

Ana cikin rabon waina wayarta ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Zauren dangi na WhatsApp ne ya ɗauki wuta.

Saƙon murya ta fara buɗewa. Gwaggo ce tana haki, tana cewa yau Allah ya tona asiri. Wai ta ji magana a ɗaki, ta leƙa, ta tarar da yarinyar da ko "Gwaggo" ba ta iya cewa tana juyi da koren ƙyalle tana zuba zance kamar rediyo, da wata murya da ba tata ba. Wai dama ta daɗe tana faɗa in'inar nan ba banza ba, akwai mai riƙe da harshen. Wai uwar ta sakar wa yarinya fim ɗin matsafa har sun samu hanyar shiga.

A ƙasa kuma ga bidiyo.

An rufe taga. An jingina wayar a kan madubi don kada komai ya wuce 'yan kallo. Ga kaskon turaren Zinatu cike da garwashi, an watsa masa barkono. Rumasa'u tana durƙushe tana tari, majina da hawaye sun haɗe, Gwaggo ta murɗe mata babban yatsa tana tambayar aljanin wane ne shi, ya faɗi sunansa.

Yarinya ta buɗe baki. "Gwa… gwa… gwa…"

Gwaggo ta ce munafuki ne, ya ɓuya a bayan in'ina, ta ƙara barkono.

Jama'a, ku sa kanku a wurin yarinyar nan. Numfashinta yana ɗaukewa, tana so ta ce a sake ta, kalmar ta ƙi fita. Hanya ɗaya tak ta sani ta fitar da magana a duniya.

Zinatu ta ga hannun 'yarta yana lalubar koren ƙyallen. Ta ce "a'a, a'a" a gaban matan suna, kamar yarinyar za ta ji ta.

Rumasa'u ta taɓa shi, ta ja hayaƙin a matsayin numfashi, muryar Tsanwa ta fito tar.

"Gwaggo, ki sake ni. Ni ce Rumasa'u. Ba na iya numfashi."

"Kun ji shi ko? Ya yi magana! Ƙarya kake, Rumasa'u ba ta iya magana haka."

Sai mari.

A ƙasan bidiyon, dangi suna ta turo hannayen addu'a. Wata ta rubuta Allah ya saka wa Gwaggo. Wani ya ce a ƙara matsa masa, kada a bari ya huta. Mutum ɗaya bai ce a buɗe taga ba. Tir da wannan zumunci.

Zinatu ba ta san inda ta bar takalminta ba. Ɗan acaban da ya kawo ta gida ma bai tsaya tambaya ba da ya ga fuskarta.

Ta banke ƙofa, ta ɗauki kaskon da hannu ta wurga tsakar gida, ta sungumi 'yarta ta fito da ita iska. Tafin hannunta ya sale, sai daga baya ta ji zafin.

Gwaggo ta biyo ta tana cewa ta ɓata aiki, saura kaɗan ya fita.

Zinatu, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli yayar mijinta ba, ta juyo ta kalle ta.

"Yaya, wanda kika ji yana roƙonki, 'yata ce. Yau ta fara kiran sunanki bai karye ba, kika mare ta."

Da Tasi'u ya dawo, me kuke tsammani ya yi? Ya sosa ƙeya. Ya ce yayarsa ce, ita ta goya shi, niyyarta mai kyau ce, a yi haƙuri kada magana ta yi tsawo. Shi da ya kawo fim ɗin da hannunsa, shi da yake laɓewa a bakin ƙofa yana murmushi in dodo da Tsanwa suna fafatawa, bai iya buɗe baki ya ce shi ne ba.

Wallahi in'inarsa ta fi ta 'yarsa muni.

Limamin unguwa da labari ya kai masa ya yi faɗa sosai. Ya ce ruƙiyya karatu ce da addu'a, babu barkono a cikinta, babu mari, babu kyamara. Gwaggo ta ce ai malaman yanzu tsoron aljanu suke ji.

Asabar ta zo. Zinatu ta goge hijabi, ta ɗauko koren ƙyallen za ta ɗaura. Rumasa'u ta ɓoye hannayenta a baya.

Aka je a haka. Aka kira sunanta, ta hau, aka miƙa mata lasifika. Ta kalli mutane. A cikin iyayen har akwai waɗanda bidiyon ya riga ya kai wa, suna zunɗenta da baki.

Ko "ru" ɗin bai fito ba. Malama ta karɓi lasifikar a hankali ta ba wata.

Da yamma Zinatu ta ɗauko bargo ta lulluɓa. Ta yi gurnani. Ta kunna fim ɗin daidai wurin da Tsanwa take tsayawa ita kaɗai.

Rumasa'u ta toshe kunnuwa da hannu biyu, ta matsa jikin bango. Ta daɗe tana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Ma… Mama, ka… kashe. A… a… aljani ne."

Yarinya ta yarda. Babba ta faɗa, dangi sun tabbatar, babanta bai musa ba.

Gwaggo Tabawa kuwa ta ga likitanta, ta karɓi tabarau, ta koma garinsu. Har yau duk gidan bikin da ta zauna sai ta ba da labarin yadda ta yi wa 'yar ƙaninta magani. Tana bugun ƙirji tana cewa tun ranar da ta yi mata hayaƙin nan, muryar ba ta sake fitowa ba.

Kuma gaskiya ta faɗa. Ba ta sake fitowa ba.

Darasi:

Ba duk abin da ya fi ƙarfin saninka ne aljani ba, wani lokacin jahilcinka ne ya yi yawa. In ka ga baƙon abu a wurin ɗan wani, uwarsa tana da waya, kira ta kafin ka hura garwashi.

In katun ne ba ka so, ka faɗa wa iyaye su duba, wannan haƙƙinka ne. Amma ka fara zama ka kalla tare da yaron, ka tambaye shi me ya gani a ciki. Wataƙila abin da kake kira shirme shi ne sandar da yake dogarawa.

Ku kuma masu "a yi haƙuri, babba ce", ku sani yaro yana kallon wanda ya yi shiru fiye da wanda ya yi marin.

Ku tura wannan zauren danginku. Gwaggon tana ciki, kun san ta, ku bari ta karanta da sabon tabaraunta.