Igiyar da Cleophus Ya Ƙi Ɗaurawa

Shekara ashirin da biyu Cleophus Tarpley ya yi yana gyaran filin ƙwallon besbol na garinsu a Texas, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buga da sanda. Shi ke yanke ciyawa, shi ke jan farin layi, kuma duk ranar wasa shi ke ɗaura igiyar da ta raba 'yan kallo, Turawa a inuwa, baƙar fata a rana. Wannan aikin yana ci masa rai, amma da iyali a wuyansa, sai ya haɗiye.

Abin haushin, mutumin ya iya ƙulli. Matarsa Verlene, wadda ba ta fashin wasa, ba ta raga masa.

"Kai dai, Cleophus, ko sau ɗaya ka yi sakaci mana! Rana ta gama soya ni."

"Yi haƙuri, wata rana a inuwa zan zaunar da ke."

"Wata ranar nan taka, tun ina amarya take kan hanya."

A 1952 ƙungiyar garin ta gaji da shan kashi, ta ɗauki baƙar fata na farko, gwanin jifan ƙwallo. Lucius ne, ɗan Cleophus na fari. Cleophus ya sami mai ƙungiyar, hula a hannu, ya san zai iya rasa aikinsa.

"Yallaɓai, ɗana zai yi jifa ranar Lahadi. Uwarsa ba za ta kalle shi ta bayan igiya ba. In dole a ɗaura, a nemi wani."

Mutumin ya tauna sigarinsa, sannan ya ce, "Bar ta a sito."

Ranar Lahadi fasto ya gajarta wa'azi, coci kaf ta kwararo fili. Verlene, da hular coci da mafici, ta zo daidai inda igiyar take a da, ta tsaya cak, alhali babu komai a gabanta. Turawa suna ta hararar ta. Cleophus ya yar da manjagara, ya hau wurin 'yan kallo ya kama hannunta.

"Taho mana. Wata ranar ce ta iso."

Lucius ya fitar da abokan hamayya tara da jifansa, sun kasa bugun ƙwallon. Verlene ta yi ihun murna har hularta ta faɗa cinyar wani Bature, ya miƙo mata yana dariya.

Igiyar tana bayan gidansu yanzu. A kanta Verlene ke shanya rigar wasan Lucius, tana gaya wa maƙwabta sai yanzu ƙullin mijinta ya yi amfani.