Rumbun Kawu a Taswirar Tsawa

Aikin da aka fara ba ni a ofishinmu na Funtua shi ne ƙirga tsawa. Da na faɗa a gida, Inna ta ce ta ga mai ƙirga buhu, ta ga mai ƙirga shanu, amma mai ƙirga tsawa sai a kan 'yarta. Ban ji haushi ba, domin ni ma ranar farko sai da na tambayi shugaban sashenmu ko wasa yake yi.

Ofishin na harkar noma ne. Akwai wasu na'urori can nesa da ke jin duk inda tsawa ta sauka, su rubuta wurin da lokacin, a turo mana jerin lambobi mai tsawo. Nawa shi ne in zuba lambobin a manhajar nazarin yanayi, in shimfiɗa taswirar yankinmu a kwamfuta, in ja mata layuka a tsaye da a kwance har ta zama gida-gida kamar ta dara. Daga nan manhajar ta tattara duk tsawar da ta faɗa a kowane gida ta ba ni jimilla. Gidan da ya sha tsawa ya yi ja, wanda ta ɗaga wa ƙafa ya zauna fari. Da wannan ake sanin inda za a fi ja wa manoma da makiyaya kunne kan fakewa a gindin itace.

Na so aikin fiye da yadda nake nunawa. Bayan azahar, in ofis ya yi tsit, fanka tana juyawa a kasalance, sai in sa manhajar ta maimaita mini damina guda daga farko. Ɗige-ɗige su fara fitowa ta gabas, can bayan Dayi, ɗaya nan ɗaya can, sannan su yi yawa kamar an watsa wa kaji tsaba. Su gangaro Malumfashi, su ratsa Tsiga, su ɗan yi jinkiri a kanmu, su wuce. Ba ƙara ko kaɗan. Ni da nake shigewa cikin zanen Inna in an yi cida, ga ni zaune da tagumi ina kallon tsawar wata huɗu tana wucewa shiru. A ƙarƙashin kowane ɗigo nakan ga mutane: wata tana gudun kwashe shanya, wani ya jingine babur ya shige rumfar mai shayi, wani makiyayi ya dafe malafarsa a tsakiyar shanu. Wani lokaci har ƙamshin ƙasar nake ji, sai an yi mini magana sau biyu kafin in dawo.

A cikin waɗannan gidajen dara akwai guda da idona ke yawan komawa, wanda ƙauyen Kawu ya faɗa ciki, a gefen Maska.

Kawu ƙanen Inna ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Mutum ne da ake nema in za a raba gonar gado ko a ɗaura aure, domin an san in ya ce ga iyaka, to nan ce iyaka. Sai ga shi rigima ta haɗa shi da wani Alhaji da suke maƙwabtaka a gona. Layin gamba ne ya raba gonakinsu tun zamanin iyaye, Alhaji kuma ya ce gambar ta yi tafiya ta shigo masa. Aka je gaban mai unguwa. Ran Kawu ya ɓaci, ya ce in ya ci masa ko taku ɗaya, aradu ta faɗa masa. Liman ya tsawata, ya ce Musulmi ba ya rantsuwa da wannan, amma magana ta riga ta fita. Aka bar wa Kawu iyakarsa.

A daminar shekarar da aka yi rantsuwar, wata la'asar, tsawa ta faɗa wa giginyar da ke bayan gidansa, wuta ta kama jinkar rumbunsa na dawa. Ga rijiya a tsakar gida, amma ba wanda ya ɗauki guga, domin kowa ya san wutar aradu ba a kashe ta da ruwa, sai da nono. Kafin wanda aka tura ruga ya dawo da ƙwarya, rumbu ya zama toka.

Dawar ba ita ce asarar ba, dangi sun haɗa masa abin da ya kai shi kaka. Bakin mutane ne ya ƙi mutuwa. Ba wanda ya ce masa komai a ido, sai dai in ya wuce a ce ruwa ba ya tsami banza. Aka raba gonaki biyu ba a kira shi ba. Ya daina zama a majalisa, ya koma sahun baya a masallaci, ana sallamewa ya zari takalmansa. Da na je gaishe shi na tarar ya rame, har hularsa ta yi masa yawa. Na dawo Funtua ina tafasa. Na ce wa Inna mutanen da suka tsaya jiran nono rumbu yana ci ba su isa su yanke wa Kawuna hukunci ba.

Washegari na nemi izini na ɗebo lambobin shekarun baya, duk wanda muke da shi. Garin sauri na haɗa walƙiyar da ke wasa a cikin gajimare da tsawar da ta taɓa ƙasa, taswira ta fito jawur daga sama har ƙasa. Shugabanmu ya leƙo ya ce in haka ne da tuni ba sauran mai rai a ƙasar Katsina. Na ji kunya, na tace lambobin, na sake zubawa. A hankali jan ya janye, ya bar wani zare da ya bi tudun nan da ya miƙe ta wajen su Kawu. Na buɗe shekarun ɗaya bayan ɗaya. Gidan nasu ja ne bara, ja ne bara waccan, ja ne tun kafin a yi rigimar gamba. Kuma gida ɗaya na taswirar ya haɗiye ƙauyen gaba ɗaya, da masallaci, da rugar, da gidan Alhajin kansa. Tudu ne mai dogayen giginyu, tsawa ta saba da shi. Na zauna ina kallon ɗan jan murabba'in nan kamar in rungume shi.

Ranar Asabar na buga taswirar mai launi, na shiga mota, na ƙarasa a babur. Masara ta yi goyo, hanya duk laka, sama ta yi fari fat kamar ba ita ba. Na tarar da Kawu a zaure yana tufkar igiya.

"Uwata, ke ce da rana haka? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Kawu. Wani abu na kawo maka."

Na shimfiɗa takardar a tabarma, na yi masa bayani da ɗokina, ina nunawa da yatsa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya sunkuya sosai.

"To ina gidana a nan?"

"Ba a ganin gida, Kawu. Duk garin nan yana cikin wannan ɗan jan."

"Har da na Alhaji?"

"Har da nasa, har da na liman."

"Kuma kin ce tun kafin in yi rantsuwar nan take sauka?"

"Tun kafin. Shekara da shekaru. Ba ruwanta da kai, tudun take bi. In an yi la'asar mu je wurin mai unguwa in nuna musu, kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji."

Ya ɗauki takardar ya riƙe ta da hannu biyu. Wata kaza ta shigo zauren ta zaga mu ta fita. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan tsaya a gaban dattawa, da irin kallon da zan yi wa Alhaji.

"Ashe ba domin ni ta faɗo ba," ya ce.

"Wallahi ba domin kai ba."

"To ni kuwa, Uwata, na matsar da gambar nan."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa, idonsa a kan takardar. Ya ce shekarar da ruwa ya cinye layin, shi ya sake dasawa, ya tura gambar taku biyu cikin gonar Alhaji. Ya yi ta gaya wa kansa cewa nan ne asalin inda mahaifinsu ya dasa, har ya kusa yarda.

"Da rumbun ya ƙone," ya ce, "na ji zafi, amma na samu barci. Na ce shi ke nan, an hukunta ni tun a nan duniya, an gama. Maganar mutane ma na ɗauke ta a cikin hukuncin, shi ya sa ban taɓa tanka wa kowa ba. Yanzu kin zo mini da takarda kin ce ba a ma fara ba."

Haushi ya kama ni, nasa da nawa, sannan tausayi ya danne haushin. Na yi kwana da kwanaki ina wanke mutumin da bai nemi wanki ba, ga shi na ƙwace masa ɗan abin da yake jingina da shi. Na ce a hankali, ai ba wanda ya sani sai ni da shi, in ya so a kai takardar kawai a rufe maganar.

Ya dube ni, karo na farko tun da na zauna.

"Haba Uwata. Ke da kike uwa."

Ya naɗe taswirar da kyau ya miƙo mini, ya tashi ya shiga cikin gida. Ya fito da fartanya a kafaɗa. Na zaci ta bayan gari zai bi ya je ya gyara shi kaɗai, sai na ga ya nufi hanyar majalisa, inda dattawa ke zaune suna jiran la'asar. Ya waiwayo ya ce mini in ya mayar da gambar a ɓoye, gobe sai a ce aljanu ne suka yi aikin.

Na tsaya a bakin zaure da takardata a hannu. Na ga ya yi wa dattawan magana, na ga biyu sun miƙe sun bi bayansa. Gidan Alhaji ba nisa. Ina jin sallamar Kawu daga inda nake, sau ɗaya, sau biyu, a ta uku aka amsa.