Glenys da Ɗingishin Farin Beyar

Yayata Glenys Trebilcock ta shekara talatin da ɗaya tana gasa pasti a garinmu Moonta kafin ta san akwai wani abu a talabijin ban da hasashen yanayi. Tun mahaifinmu na raye ita ce a bakin tanda, tana naɗe nama da dankali a cikin kwaɓaɓɓen fulawa, tana kitse bakin kowane pasti da yatsu uku cikin ƙiftawar ido. Da ya rasu shagon ya koma hannunta, ni kuma ina gaba ina sallamar masu saye. Mijinta Trevor makanikin injinan noma ne, mutum mai shiru-shiru, wanda in ya furta kalma goma a yini to ranar ya sha surutu. Ita kuwa kalma goma ba ta isar ta ko gaisuwa. Haka suka zauna lafiya, Allah bai ba su haihuwa ba, har ciwon zuciya ya ɗauke shi a farkon shekarar 2006, yana tsaka da gyaran tarakta a gonar wani.

Bayan rasuwarsa bakin Glenys ya mutu. Pasti na fita yadda ya saba, amma sai ta yini ba ta ce uffan ba. Masu saye su riƙa leƙa bayan shago suna tambayata da ido, ni kuma in girgiza kai. Wata huɗu muka yi a haka.

Sai aka fara nuna wani shiri a talabijin kowane daren Alhamis mai suna Rijiya Ta Tara, labarin wani garin masu haƙar ma'adinai a tsakiyar hamada inda mutane ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A kashi na farko, mai kai wasiƙu yana tuƙi da tsakar rana, zafi kamar ya narkar da kwalta, sai ga farin beyar, dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara, ya fito ya tsallaka titi a natse, ya waiwayo ya dube shi, ya shige daji. Har kashin ya ƙare babu wanda ya sake ɗaga maganarsa.

Washegari Juma'a ina jera burodi, sai na ji murya daga bayana.

"Coral, me farin beyar ke nema a hamada?"

Na juyo, tire a hannuna. "Yaya, ni kike tambaya? Ɗan uwana ne?"

"A'a, ki tsaya. Dabbar da ko inuwar bishiya ba ta sani ba, sai ƙanƙara. Wa ya kawo shi? Me yake ci? Kuma kin ga yadda ya kalli mutumin nan? Kallon sani ne."

Ranar har muka rufe shago ba ta yi shiru ba. Ni kuwa da na shiga ɗakin ajiya sai da na share hawaye da gefen rigata.

Ashe ba ita kaɗai abin ya dama ba. Kafin wata biyu, safiyar Juma'a shagonmu ya koma majalisa. Wani manomi ya ce fatalwa ce. Matar faston cocinmu ta ce alama ce ta zuciyar mai laifi, duk wanda ya gan shi akwai abin da ya ɓoye. Amma babban abokin gardamar Glenys shi ne Stav Kalogeras, tsohon masunci daga garin Wallaroo da ke kusa da mu, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ya yi imani gwamnati ce ke bayan komai, har da ƙarancin kifi.

"Gwaji ne na soja, uwar tanda," in ji shi, yana kaɗa kofin shayi. "Sun kawo shi su ga ko zai jure zafi. Ni na san mutanen nan."

"Ka san su a ina, Stav? A cikin kwalekwale? Kai da ko rigar soja ba ka taɓa aro ba."

"To ke faɗi naki mu ji."

"Ban gama bincike ba. Ni ba na magana da ka kamar wasu."

Bincike kuwa ta yi shi. Ta sayi na'urar ɗaukar shiri, ta ajiye ƙaramar talabijin a kan buhunan fulawa. Da mun rufe da ƙarfe uku sai ta zauna da littafin rubutu, tana mayar da hoton baya zuwa duk wurin da beyar ya fito, tana tsayarwa, tana matsawa kusa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. A shekarar shirin ta biyu ta lura yana ɗingisa ƙafar baya ta hagu. Ta rubuta a littafinta. A shekara ta uku ya fito a bakin wani tsohon rami, sai ga ɗingishin ya koma dama.

Ranar ta goge farashin burodi daga allon shago, ta rubuta da manyan haruffa: BEYAR BIYU NE.

Bayaninta shi ne mai mahaƙar garin ya sayo su, mace da namiji, daga wasu masu wasa da dabbobi da suka karye, ya ɓoye su a ƙarƙashin rijiya ta tara, wato ramin haƙar ma'adinai na tara, inda akwai kogo mai sanyi, suna gadin abin da ba ya son a gani. Tarkon da ya kafa wa masu leƙe ne ya kama su, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Mai kula da laburaren garinmu ta koya mata shiga dandalin masu kallon shirin a intanet, ta zuba bayanin da yatsa ɗaya, da sunan Uwar Pasti. Cikin mako guda dubban mutane suka karanta. Wani daga Darwin ya zana taswirar kogon. Wata daga Hobart ta rubuto cewa ta kasa cin abinci don mamaki. Glenys ta buga duka a takarda ta manna a jikin firij ɗin lemo, daidai inda Stav ke zama.

"Mutanen birni ba su da aikin yi," in ji Stav.

"Hassada ga mai rabo taki ce. Ka ƙara shayi?"

A shekarar 2009 aka shirya taron masu kallon shirin a birnin Adelaide. Glenys, wadda ba ta taɓa rufe shago ranar Asabar ba sai don jana'iza, ta rataya takarda a ƙofa, ta cika kwando da pasti, muka kama hanya da sassafe. Stav ya ce shi ba zai je wannan shirme ba, amma muna fitowa muka tarar da shi a jikin mota da kwalbar zaitun a hammata.

Zauren ya cika maƙil. Marubutan shirin biyu suka zauna a kan dandamali suna murmushi, duk tambayar da aka yi musu sai su ce a ci gaba da kallo. Glenys ta ɗaga hannu har ya gaji, ba a kira ta ba. Muka fito ranta a ɓace muna neman wurin zama, sai muka ga wani tebur a lungu kusa da ƙofar banɗaki, babu kowa a gabansa. Wani dogon dattijo na zaune, sanda a jingine da kujerarsa, a gabansa an ajiye kwali an rubuta: Clarrie Hoffrichter, mutumin cikin beyar.

Glenys ta ja ta tsaya. "Bawan Allah, wane beyar?"

"Na shirin mana. Ni ke shiga cikin fatar, in riƙe sanduna biyu a hannu su zama ƙafafun gaba. Fuskar kawai suke gyarawa da kwamfuta."

"Kai ne wanne, macen ko namijin?"

Ya dube ta, ya dube ni. "Baiwar Allah, ni dai namiji na san kaina. Kuma ni kaɗai ne tun farko."

"Ba zai yiwu ba. A shekara ta biyu ɗingishin hagu ne, a ta uku dama."

Dattijon ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa, ya nuna mana dogon tabo a gwiwar hagu. Ya naɗe ɗayar, ga wani tabon.

"Shekara ashirin ina dakon buhunan alkama a tashar jirgin ruwa kafin in sami wannan aikin. Ta hagu ta fara lalacewa, aka yi min aiki. Ta warke, sai ta dama ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba. Wallahi ban san ana gani ba."

Stav ya fashe da dariya har zaitun ɗinsa ya kusa zubewa. Ya riƙe bango, ya riƙe ciki, yana cewa, "Kogo mai sanyi! Tarko! Wayyo uwar tanda, ashe gwiwar tsoho kika shekara biyu kina bincike!"

Na ɗauka Glenys za ta nutse don kunya. Fuskarta ta yi ja, tana kallon tabon. Can sai ta ja kujera ta zauna, ta ɗora kwandonta a kan teburin.

"Malam Clarrie, in tambaye ka. Suna ba ka labarin ka karanta?"

"Ina! Cewa kawai suke, taho nan, tsaya can, waiwayo."

"To ka gani. Kai fata kawai ka sa, me ka sani? Sun ga ɗingishin, suka bar shi a ciki. Da ba su so, da sun yanke. Ka ci abinci kuwa?"

Bai ci ba. Tun safe yake zaune, ko ruwa babu wanda ya miƙa masa. Ya ci pasti uku a jere, yana ba mu labarin yadda ake zuba masa ƙanƙara a cikin riga kafin ya shiga fatar, da ranar da ƙudaje suka cika kan beyar ɗin yana ciki ba halin ya kore su. Ya ce matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa biyu suna Perth, shi da kare ne a gida. Glenys ta saurare shi, abin da ban cika ganin ta yi wa kowa ba.

A hanyar komawa Stav ya so ya ci gaba da tsiya, ta ce in ya ƙara kalma ɗaya zai ƙarasa Wallaroo a ƙafa. Da muka koma gida ta shiga dandalin ta faɗi gaskiyar abin da ta ji, ba ta rage komai ba, sannan ta ƙara da cewa ita dai tana nan a kan bakanta. Rabin mutane suka yi mata dariya, rabi suka ce ai wannan ma hujja ce.

Bayan mako biyu, ranar Juma'a, wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar shago, kare a kujerar gaba. Clarrie ya shigo yana dogara sanda, ya ce hanya ce ta biyo da shi. Moonta kuwa ba a kan hanyar ko'ina take ba. Majalisa ta rufe shi da tambayoyi, shi kuma amsarsa ɗaya, bai sani ba. Juma'a ta gaba ma hanya ta sake biyowa da shi. Kafin hunturu ya fita ya iya kitse bakin pasti, ko da yake Glenys ta ce nasa kamar an taka da takalmi.

Shirin ya ƙare a shekara ta biyar. Aka nuna beyar ɗaya ne tal, ya kuɓuce daga jirgin ƙasa da ke kai shi gidan namun daji, wata tsohuwa a bayan gari take ciyar da shi a ɗakin sanyin mahauta. Babu soja, babu kogo. Safiyar Juma'ar nan Stav ya shigo jiki a sanyaye, ya ce an cuci jama'a. Glenys ta ce marubutan ne ba su kalli shirinsu da kyau ba. Karo na farko ke nan da na ga bakinsu ya zo ɗaya, har ta ba shi pasti kyauta.

An ɗaura aurenta da Clarrie a watan Maris na 2011, tana da shekara sittin da biyu. Stav ne ya tsaya masa a matsayin babban aboki, ya sa kwat da ta matse shi, ya yi jawabin da ya fi na fasto tsawo. Bayan shekara uku ta sallama shagon ga 'yar ɗan uwanmu, suka koma wani ƙaramin gida a Port Hughes, kusa da gadar masunta.

Yanzu kamun ƙaguwa ne sana'arsu. Makon jiya na je na same su a kan gadar da hantsi, shi a kujerar naɗewa, ita a tsaye tana jan raga. Ta ciro wata ƙaguwa, ya ce ba ta kai girman da doka ta yarda ba, ta ce ta kai har ta wuce. Suka auna sau biyu, ta gaza da kaɗan. Glenys ta jefa ta ruwa tana cewa ma'aunin ne ya lanƙwashe, sannan ta cika min bokiti da sauran, ta ce in dafa su yau, kada in kuskura in sa a firij.