Keken da Ba Ya Ɗaukar Kaya

Matso kusa, gyara zama, ka ba ni kunnenka. Labarin Arzika gyartai ne, mutumin Tungar Marke, wani ɗan ƙauye a ƙasar Bukkuyum, tun muna cikin jihar Sakkwato.

Sana'arsa ɗinkin ƙwarya. Burgami a kafaɗa, basilla da zare a ciki, daga wannan ruga zuwa waccan. Matan Fulani sun san shi har wajen Anka. In ƙwaryar nono ta tsage sai a jingine ta, a ce a jira Arzika. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu, mai ban dariya. Duk gidan da ya yi sallama, tun bai zauna ba an soma washe baki.

Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Shekarar da innarsa ta rasu yana can rugagen Anka. Wanda aka aika kiransa a ƙasa ya tafi, shi ma Arzika a ƙasa ya dawo, yana sauri har takalminsa ya tsinke. Da ya iso, bayan gari aka kai shi, aka nuna masa tudun ƙasa, an riga an jera ƙaya a kai. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Amma daga ranar, in yana tafiya shi kaɗai a daji, sai ya riƙa jin kamar wani na biye da shi yana cewa ƙara sauri.

Kakar da farar hula suka karɓi mulki auduga ta yi masa kyau. Ya sayar, ya haɗa da ragonsa, ya nufi kasuwar Gummi, rumfar Muntari mai kekuna.

"Gyartai!" in ji Muntari. "Ƙwaryata ba ta fashe ba. Mi ya kawo ka?"

"Keke nika so."

"Ka taɓa hawa?"

"Na dai hau jaki."

"To ga jakinka." Ya buga sirdin wani baƙin keke mai kauri, irin wanda kowa ya sani. "Duba kariyar bayan nan. Buhun gero, ɗauka. Mata da goyonta, ɗauka. In kunka faɗi, kai ka jin ciwo, shi ko a jikinshi. Na mai koyo ke nan."

Arzika ya shafa shi, ya ce ba laifi. Sai dai idonsa yana can ƙuryar rumfa, inda wani shuɗin keke yake jingine, ƙura ta rufe shi. Tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago.

"Wancan fa?"

"Wancan ba naka ba ne. Keken tsere ne. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a nan garin ya bar min shi da zai koma kudu. Ba kariya, ko kaza ba ka ɗaura mashi. Ƙaya guda ta ishe shi. Tun bara yake nan, ko tayawa ba a yi."

Arzika ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ji shi sakayau. Ya murza tayar gaba. Ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, tana wani ɗan sauti kamar raɗa, ta ƙi tsayawa.

"Wane ya fi sauri?"

"Kai da ba ka san birki ba kake tambayar sauri? Ina za ka?"

"In mutum ya taso daga Anka da hantsi, yaushe shika isa Tungar Marke?"

Muntari ya dube shi, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, don ya san labarin tsohuwar. "In ya iya, da azahar yana gida. Amma gyartai, ka ji shawarata. Keke abokin zama ne, ba don rana ɗaya aka sayenshi ba. Ɗauki baƙin nan."

Shuɗin ya ɗauka. A hannu ya turo shi har gida.

Koyon kuwa, ai ƙauyen ya sha kallo. Ya faɗa cikin dangar maƙwabci, ya faɗa kan tarin ƙaiƙayi, ya tarwatsa zabbin mai unguwa. Sarƙa ta ci bakin rigarsa har matarsa Aisatu ta ce ta gaji da ɗinki, shi da yake gyartai ya ɗinke abinsa. Kuma shi keken nan ba a zama a miƙe a kansa. Dole ka sunkuya, kai a ƙasa. Dattawan ƙofar masallaci suka ce ga Arzika can yana ruku'u a kan hanya. Shi ma dariya yake yi. Kafin ruwa ya sauko ya iya, har da faci, don ƙaya ba ta raga masa ba. In ya hau birjin hanyar mota, sai dai ka ga bayan rigarsa.

Ka san yadda keke yake a ƙauye, na kowa ne. Da baƙin ya saya, da kullum ana sallama a ƙofarsa: a kai gero niƙa, a kai amarya kasuwa. Nasa kuwa ba wanda ya taɓa ara. Abu ɗaya ne zai iya ɗauka, shi ne magana. Maganar da ke bukatar sauri kuma a ƙauye, kai ma ka santa.

Ranar da tsohon ladan ya rasu da safe, mai unguwa Yahaya ya aiko a kira shi. Babban ɗan mamacin yana Bukkuyum. Arzika ya tafi kamar iska ta ɗauke shi. Ɗan ya samu mota, ya iso, da hannunsa ya sa ubansa a kabari. Da aka watse ya kama hannun Arzika da hannu biyu. Ran nan Arzika ya ci tuwo ya ƙoshi, ya ce wa Aisatu, "Kin ga amfanin jakin nawa?"

Daga nan shi ke nan. Tungar Marke, ƙauyukan kewaye, har rugage, in aka yi rashi sai a ce a nemo gyartai. Bai taɓa ƙi ba, bai taɓa karɓar ko goro ba. Bai kuma taɓa faɗa gatsau ba. Sai ya ce jikin Baba ya matsa, ana nemanku. To mutane ba yara ba ne. Ba a daɗe ba kowa ya gane mene ne jiki ya matsa a bakin Arzika.

A hankali abin ya juya. In aka hango shuɗin keke da mutum a sunkuye a kansa, sai mata su ajiye taɓarya. Masu hira su yi tsit, kowa yana lissafin nasa da ke nesa. Ko ɗinki ya kai shi ruga, kafin ya ce komai sai a ce, "Wa yar rasu?" Ya ce ba kowa, ƙwarya ya zo dubawa. A yi dariyar yaƙe, a kawo masa nono, amma ba wanda zai zauna kusa da shi. Akwai wata tsohuwa da ke tofa addu'a a inda tayarsa ta bi. Shi kansa ya soma ganin hanyoyin da wani ido: wannan kwanar ta ladan ce, waccan gangaren na matar maƙeri ne. Ba wata hanya a ƙasar nan da ba shi da mamaci a kanta.

Duk wannan ya jure. Wanda ya kasa jurewa shi ne na Dogon Gawo, wani ƙauye gaba da Nasarawa Burkullu, inda 'yarsa Dija take aure. Ita ce 'yar fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, don kunya. Ta Dogon Gawo yake ce mata. Da can in ya je, da gudu take fitowa ta karɓi burgaminsa. Yanzu sai ta fito hannu a ƙirji, tana karanta fuskarsa kafin ta durƙusa ta gaishe shi.

Wata rana surukinsa Yusufu, uban mijin Dija, ya raka shi har bakin gari.

"Malam Arzika, kada ka ɗauka da wata manufa. Gidan nan naka ne. Amma abin hawan nan… matan gida na firgita. Rannan da suka hango ka, tsohuwarmu zama ta yi daɓas a tsakar gida. In za ka zo gaisuwa, ka zo mana kamar da."

"Na ji," in ji Arzika. "Na yi alkawari."

Ya koma zuwa a ƙasa, wuni guda a hanya. Bai damu ba, don in ya shigo da ƙura a ƙafa Dija tana dariya.

Sai wata damina, gero ya yi kai. Ciwon kurkunu ya kwantar da Aisatu, ƙafa ta kumbura, ba ta iya takawa, kuma Dija ta sani. Ita Dija tana da tsohon ciki, na uku. Da hantsi wata mai tallan nono ta tsaya a ƙofa ta ce daga wajen Dogon Gawo saƙo ya biyo baki: yarinyar tana kan gwiwa tun jiya, abin ya ƙi, tana ta kiran Baba.

Arzika ya tsaya a zaure, ya dubi takalminsa, ya dubi keken.

"Malam, mi kaka jira?" in ji Aisatu daga ɗaki.

"Na yi wa Yusufu alkawari."

"Alkawarin gaisuwa ka yi. In ka tahi a ƙasa sai almuru. Hau abin nan, don Allah."

Ya hau. Bai taɓa gudu irin na ranar ba, kuma abin nan da ke biye da shi tun rasuwar innarsa yana nan a bayan wuyansa. Dabarar da ya yi ita ce ya sauka nesa da gari, ya cusa keken cikin gero, ya ƙarasa a ƙasa. Haka kuwa ya yi. Abin da bai sani ba, akwai mata a rijiyar da ke kan tudu, sun hango shi tun daga gangare. Kafin ya gama ɓoye keken, wata ta ajiye guga ta ruga.

Yana shiga gari ya ji maganar tana gudu a gabansa, daga danga zuwa danga. Arzika ya zo da keke. Da keke ya zo. Wata ta fasa salati, wata ta amsa mata.

Ya kwasa da gudu, dattijo da shi, hula ta faɗi bai tsaya ba. Ya wuce Yusufu a zaure ba sallama, ya faɗa tsakar gidan surukai, ya ɗaga murya.

"Dija! Dija! Innarki lafiya lau! Ba wanda ya rasu! Ni ne na zo!"

Matan gidan suka daskare. Ba wadda ta taɓa jin sunan nan a bakinsa.

Daga ɗakin aka ji kukan jariri, siriri. Sai aka ɗaga asabari, Saudatu ungozoma ta fito, tana goge hannu da zani, ba ta dubi kowa ba.

"Namiji ne," ta ce. "Yana da rai."

"Ita fa?"

Saudatu ta ajiye zanin. Ta ce, "Jini ne, Malam. Tun da safe yake zuba, ba yadda ba mu yi ba. Kada ka sa wa ranka komai."

"Ta ji muryata?"

"Allah ya sani. Da hayaniya ta tashi ta buɗe ido, ta ce, Inna ce? Na juya in tambaya. Ko da na juyo…"

Kafin la'asar aka kai ta. Wannan karon da hannunsa ya sa tasa a ƙasa. Da aka shafa fatiha Yusufu ya matso, ya ce sai a samu wanda zai sanar da uwarta. Ya faɗa ne yana duban ƙasa, sauran mutane ma ƙasa suke duba. Ba wanda ya ce Arzika. Shi ya tashi da kansa, ya shiga gero ya jawo keken.

A hanya ya so ya tafi a hankali, sai ya tarar bai iya ba. In ya rage gudu keken sai ya soma tangaɗi kamar zai kayar da shi. Haka ya kawo shi Tungar Marke rana ba ta faɗi ba.

A gindin wata tsamiya ya sauka, inda ake hango gidansa ta kan danga. Aisatu ta ja jiki ta fito tsakar gida, ƙafar a miƙe a kan tabarma, ƙaramin turmi a gabanta. Yajin jego take dakawa. Tana yi tana ɗaga kai tana duban hanya.

Ya tsaya riƙe da ƙahon keken. In ya hau ya shiga, za ta gane tun daga nesa, ita kaɗai, ba kowa kusa da ita, shi kuma ba sai ya buɗe baki ba. In ya jingine shi ya shiga a ƙasa, za ta tarye shi da murna, ta ce mace ko namiji.

To kai da kake saurare, da kai ne a gindin tsamiyar nan, a kan keke za ka shiga, ko a ƙasa?