Ƙugiyar Jirgin Makaniki

Abin da ya same ni a daminar shekarar da rana ta yi husufi, har kaji suka koma akurki da hantsi, ba zai fita raina ba sai ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Akwai wani makaniki a unguwarmu a Gidan Rumji, abokina tun makarantar allo. Ya ƙera ɗan jirgin sama mai inji, tsawonsa bai wuce hannu ba. Wayoyi biyu sirara ake ɗaura masa a fiffike da wasu 'yan ƙugiyoyi masu baki da ke rufewa. Shi ya tsaya tsakiyar fili riƙe da wayoyin, jirgin na kewaya shi.

Ranar nan bayan la'asar, a filin lakol, wato makarantar boko, ya ce in riƙe jirgin har inji ya kama. Daga can ya ɗaga murya: "Malam, ƙugiyoyin a rufe suke?" Na leƙa, na ce, "Da izinin Allah."

Ana cikin kewaye sai ƙugiya ɗaya ta buɗe. Jirgin ya karkace, ya fizge ɗayar, ya tsallake itatuwa yana kuka, ya faɗi tsakiyar shanun wani Bafulatani. Shanu suka watse cikin gonar wani dattijo, suka tattake geron da ya fara fidda kai.

Washegari a zauren maigari kowa da nasa. Dattijo ya ce shanu suka yi ɓarna. Bafulatani ya ce, "Baba, shanuna sun san kura, sun san mota. Wannan tsuntsun ba su san shi ba." Makaniki ya ce ƙarfe ne ya ci amana.

Sai maigari ya juyo gare ni. "Malam, kai aka yarda da bakinka. Mi ka gani? Ƙugiyar a rufe take ko a buɗe? Za ka rantse?"

Kaina ya ɗaure. In na ce a rufe, ba mai laifi, dattijo ya rasa abincin iyalinsa ko ya ƙullaci Bafulatani. In na ce a buɗe, na yi shaidar abin da ban tabbatar ba. Na rufe ido: sai in gan ta a rufe, sai kuma in gan ta a buɗe. Har yau haka nake ganinta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na duba, amma ban taɓa ba. Ba zan rantse ba."

Can makaniki ya ce, "Ba shi ya kamata in tambaya ba. Jirgina ne, hannuna ya kamata ya ja ta."

Da kaka ta yi, makaniki ya ɗora dammunan gero daga gonarsa a amalanke, ya kai ƙofar dattijo. Dattijon ya mayar masa da biyu, ya ce, "Na yafe sauran. Amma tsuntsunka ya riƙa kiwo nesa da ni."

Tun daga nan, duk abin da aka ɗaure aka ce in duba, sai na sa hannu na ja shi kafin in buɗe baki.